Yadda ake gane lokacin hawa babbar gasa a kartar foka

Foka caca ce, kuma hukuncin caca a Musulunci ba ɓoyayye ba ne. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a wuri guda, a jihohin da ke aiki da shari'a doka ma ta hana, Hisba kuma takan rufe shagunan caca a Kano. Wanda bai shiga ba, shawarata gare shi ita ce ya ci gaba da zamansa a waje. Amma akwai 'yan'uwanmu a Ingila da Amurka, wasu ma suna ɗaka da waya a hannu, da suka riga suka tsunduma. Yawancinsu ƙaramin wasa bai kassara su ba. Abin da ke kassara su shi ne ranar da suka ce sun wuce ajin yara, suka ɗauki kuɗin wata guda suka zuba a gasa ɗaya. Da su nake magana, kuma lissafi zan yi musu, domin shi kaɗai ne ba ya yi wa ɗan wasa daɗin baki.

Da farko ka san irin wasan da kake ciki. A gasar foka kowa yana biyan kuɗin shiga iri ɗaya, a ba shi tulin ƙwandalolin roba, a yi ta bugawa har mutum ɗaya ya tattare na kowa. Idan ka ga an rubuta kuɗin shiga dala 10+1, dala 10 ce ke shiga tukunyar kyauta, dala 1 kuwa la'adar mai gida ce, ta tafi ke nan ko ka ci ko ka faɗi. Saboda wannan la'ada, idan aka haɗa dukkan 'yan wasa wuri ɗaya, kullum a ƙasa suke. A mafi yawan gasanni, kusan kashi 15 cikin 100 na waɗanda suka shiga ne ke samun wani abu, kuma mafi tsokar kuɗin yana teburin ƙarshe, musamman wurin na ɗaya da na biyu da na uku. Ke nan ko gwani, ranakun da zai tashi hannu rabbana sun ninka ranakun da zai ci.

Mataki na farko: raba jari da kuɗin gida

Kafin a yi maganar hawa, sai an san abin da ke hannu. Jarin wasa kuɗi ne da aka ware daban, a asusu daban, wanda in ya ƙone ƙurmus ba za a fasa ɗora tukunya a gida ba. Kuɗin haya ba ya ciki, kuɗin makarantar yara ba ya ciki, abin da kake aika wa iyaye ba ya ciki. Bashi kuwa, ko na kwabo ne, ba jari ba ne. Wanda bai iya faɗin jarinsa da lamba ɗaya tak, ba tare da ya ce "in aka biya albashi" ba, bai kai matsayin yin tambayar hawa babbar gasa ba tukuna.

Wanda samunsa da naira yake, ya ƙara lura. Manyan shafukan foka da dala suke lissafi. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin watannin farko na 2024 ta haura 1,500. Mai buga gasar dala 11 bai motsa daga inda yake ba, amma nauyin da ke kan aljihunsa ya ninka sau uku.

Mataki na biyu: ƙirga kuɗin shiga nawa ne a jarinka

Masu wannan harka ba sa auna jari da yawan dala. Suna tambaya ne: sau nawa zai iya biyan kuɗin shiga? Abin da aka saba ba da shawara shi ne aƙalla sau 100 a gasa mai mutane kaɗan, sau 200 zuwa 300 ko fiye a gasar intanet da dubban mutane ke shiga. Mai dala 2,200 da ke buga gasar dala 11 yana da 200 cif. In yana son komawa ta dala 22 gaba ɗaya, sai jarin ya kai 4,400. Ta dala 55 kuwa sai 11,000.

Mutane suna jin waɗannan lambobi su ce an cika tsoro. To, a duba. Idan kana samun kuɗi a gasa 15 cikin 100, yiwuwar ka buga goma a jere ba ka ci ko sisi ba ta kusa ɗaya cikin biyar. Ashirin a jere kuwa kusan huɗu cikin ɗari ne, wato duk mai buga ɗaruruwan gasa sai ya gamu da ita, ba sau ɗaya ba. Kuma samun kuɗi ba ya nufin riba, don ƙaramar kyauta takan tsaya ne wajen ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na abin da ka biya. Ga wani misalin daga kan teburi. Katin A biyu shi ne hannu (wato katunan da aka raba wa ɗan wasa) mafi ƙarfi a farkon rabo, in ya haɗu da K biyu yana cin kusan 82 cikin 100. Amma kafin ka kai teburin ƙarshe a gasar mutum dubu uku, sai ka sa duk tulinka a tsakiya sau da dama. Ko da a ce sau biyar ne, kuma kowane karo kai ne mai A biyun, yiwuwar ka tsallake duka biyar ɗin ba ta wuce kashi 37 ba. Ka yi komai daidai, amma kusan sau biyu cikin uku kana waje. Wannan ne ya sa ake tara jari mai kauri, ya zama kamar rumbun da manomi ke cikawa saboda shekarar fari.

Chris Ferguson, wanda ya ci babbar gasar foka ta duniya da ake yi a Las Begas a 2000, ya taɓa gwada tara dala 10,000 daga sifiri a shafin Full Tilt. Dokar da ya kafa wa kansa ita ce ba zai zuba fiye da kashi 2 cikin 100 na jarinsa a gasa mai tebura da yawa ba. Wannan sau 50 ke nan, kuma shi gwani ne na duniya yana wasa da sababbin shiga. Kai da ba ka kai shi ba, ga kuma wasan ya ƙara tsauri tun lokacin, kana bukatar fiye da haka nesa ba kusa ba.

Mataki na uku: buɗe littafi, ka bar shi ya yi magana

A nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan ne mutum ya fi yaudarar kansa. Ƙwaƙwalwa tana riƙe daren da aka ci dala 900, ta manta darare arba'in da aka zubar da ashirin-ashirin. Don haka rubuta komai: rana, sunan gasa, kuɗin shiga har da la'ada, yawan mutane, matsayin da ka ƙare, abin da ka samu. Layi ɗaya zai yi kama da haka: Lahadi, dala 11, mutum 2,400, na fita na 310, an biya ni 19. Idan ka faɗi ka sake sayen kujera a gasa guda, layi biyu za ka rubuta, don kuɗi biyu ka kashe. Shafuka irin su SharkScope suna tattara sakamakon wasan intanet, amma littafinka ne ya fi sanin gaskiyarka.

Sai lissafin riba. Ka buga gasa 1,000 ta dala 11, ka kashe 11,000. Abin da ya dawo 13,200. Riba 2,200, wato kashi 20 cikin 100, ko dala 2.20 a kowace gasa. Yana da kyau a ido. Yanzu nemo babbar nasararka guda ɗaya ka sa yatsa ka rufe ta. In dala 3,000 ce, to sauran gasa 999 ɗin asarar kusan 800 suka jawo maka. Wannan ba ya nuna ba ka iya ba, tunda ribar gasa dama daga irin waɗannan manyan ci take fitowa. Abin da yake nunawa shi ne shaidarka ta rataya ne a kan dare ɗaya, kuma dare ɗaya ba ya isa hujja. Wanda ya kai teburin ƙarshe sau da yawa, a watanni daban-daban, shi ne ke da abin dogaro.

Gasa nawa ce ta isa a yanke hukunci? Ɗari ba komai ba ce. Ɗari biyar ta fara nuna alama. A gasa mai dubban mutane, ko dubu ɗaya ba ta gama wanke sa'a daga sakamako ba. Mai zuwa gidan wasa da ƙafarsa, yana buga ɗaya ko biyu a mako, zai yi shekaru bai tara wannan adadi ba, don haka shi ya fi kowa bukatar taka-tsantsan, ya kuma fi bukatar wani da ya fi shi ya duba masa hannuwan da ya buga.

Kada jerin sunayen manyan 'yan wasa ya ruɗe ka. Shafin Hendon Mob yana nuna abin da mutum ya ci ne kawai, ba ya nuna abin da ya kashe. Daniel Negreanu, ɗan Kanada da ke cikin fitattun 'yan foka a duniya, ya bayyana lissafinsa na 2017 da kansa: ya ci kusan dala miliyan 2.8 a shekarar, amma kuɗin shigar da ya biya ya fi haka, da asara ya rufe shekara.

Mataki na huɗu: leƙa ajin da kake son shiga

Kuɗi ya kai, littafi ya yarda, saura ka tambayi kanka su wa za ka tarar a can. Yayin da kuɗin shiga ke ƙaruwa, masu wasan nishaɗi suna raguwa, masu cin abinci da wasan suna ƙaruwa. Ribarka cikin ɗari za ta sauka, wannan babu makawa. Tambayar ita ce nawa za ta sauka. Kashi 20 a gasar dala 11 shi ne dala 2.20. A ta dala 22, sai ka riƙe kashi 10 kafin ka yi kunnen doki da hakan. In ka tsaya a kashi 8, dala 1.76 kake samu, ka ɗauki haɗari ninki biyu don ka karɓi abin da bai kai na da ba. Mutane da yawa suna zaune a irin wannan hali ba su sani ba, saboda sunan babbar gasa ya fi daɗin faɗa.

Buɗe teburin ka kalla ba tare da ka zauna ba. Lura da abu ɗaya musamman: yadda suke yi idan an kusa fara biyan kuɗi. A ce saura mutum uku su fita a shiga rabon kyauta. A ƙaramar gasa za ka ga kowa ya lafe, ana ta jefar da kati, mai ɗan guntun tuli yana jan lokaci har agogo ya kusa cinye shi. A babbar gasa kuwa mai babban tuli ne zai tashi haiƙan, yana ƙara kuɗi hannu bayan hannu, don ya san masu matsakaicin tuli suna tsoron fita a bakin ƙofa. In ka kalli wannan ka gane dalilin kowane motsi, har kana iya faɗin abin da kai za ka yi, da sauƙi. In kuwa kana ganin kamar hauka suke yi, to akwai karatu a gabanka. Ka san wasa da guntun tuli, ka san cewa ƙwandalar da za ka rasa a ƙarshen gasa ta fi wadda za ka ci daraja, ka san lokacin da ake ajiye hannu mai kyau saboda tsanin kyauta, wato yadda kyauta ke ƙaruwa duk lokacin da wani ya fita. Waɗannan a ƙaramin aji ake koyonsu, inda kuskure ke da araha.

Mataki na biyar: hau da ƙafa ɗaya, ka rubuta ranar sauka

Ba a tashi da safe a ce daga yau an bar gasar dala 11. Gauraya ake yi. In kana buga goma a dare, bari takwas su zama na dala 11, biyu na 22. Jimla 132, matsakaici dala 13.20 ke nan, kuma wannan matsakaicin ne za ka auna da jarinka: sau 200 zai kama 2,640. Zaɓi manyan da suka fi taushi, irin na ƙarshen mako da masu nishaɗi ke cikawa, ka guji masu gaggawa, inda kuɗin dole, wato abin da tilas a zuba kafin a raba kati, ke hauhawa kowane minti kaɗan, don a nan sa'a ta fi gwaninta tasiri.

Kafin ka danna rajista ta farko, rubuta lambobi biyu a takarda. Ta farko, abin da ka ware don gwajin, misali kuɗin shiga 20 na dala 22, wato 440. Ta biyu, inda jari zai sauka ka koma ƙasa ba gardama. Ka rubuta su da rana tsaka, hankalinka kwance, domin mutumin da zai karanta su ƙarfe biyun dare bayan an fitar da shi sau shida ba zai yarda ya rubuta su ba. Idan 440 ɗin ta ƙare, gwaji ya ƙare. A koma dala 11 a sake tarawa. Manyan 'yan wasa suna hawa suna sauka sau da yawa, babu wanda ya ɗauke shi abin kunya sai wanda bai daɗe a harkar ba.

Akwai hanyoyi biyu na ɗanɗana babbar gasa ba tare da an biya duka ba. Ɗaya ita ce gasar neman gurbi, inda kyautar kujera ce a babbar gasa. Ta nan Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tenesi, ya bi a 2003: da abin da bai kai dala 100 ba a shafin PokerStars ya samu kujerar dala 10,000 a babbar gasar duniya ta Las Begas, ya doke mutum 838, ya tafi da dala miliyan 2.5. Labarinsa ya ja dubbai cikin wasan, har a 2006 mutum 8,773 suka shiga gasar. Sai dai a riƙa tunawa da sauran da suka koma gida ba a san sunansu ba. Kuma kuɗin da kake kashewa wajen neman gurbi ma a rubuta shi, don wani yakan kashe fiye da farashin kujerar yana nemanta.

Ta biyu ita ce sayar da kaso. Gasar dala 1,000, ka sayar da rabi, ka biya 500, duk abin da aka ci a raba biyu. Shi kansa Moneymaker ya sayar wa mahaifinsa da wani abokinsa kaso kafin ya tafi. Wannan daban yake da shiga hannun ubangida mai biya maka kullum, inda duk asara ke taruwa a wuyanka, ba ka ganin riba sai ka cike ramin. Mutum yakan shekara yana buga wa wani wasa bai karɓi komai ba. In za a yi, a yi shi a rubuce, da sharuɗɗan rabuwa.

Mai shirin zuwa Las Begas ko wata gasar Turai ya haɗa kuɗin jirgi, biza, masauki da abinci a cikin kuɗin shiga. Gasar dala 600 da ta ci maka 2,500 na tafiya, gasar dala 3,100 ce. Amurka kuma tana cire kashi 30 cikin 100 na haraji daga babban cin baƙi 'yan ƙasashen da ba ta da yarjejeniyar haraji da su. Haka nan kada ka jibge duk jarinka a shafi guda. Ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka dira kan PokerStars da Full Tilt da Absolute Poker, kuma waɗanda kuɗinsu ya maƙale a Full Tilt a Amurka sai da suka yi shekaru suna jira.

Lokutan da ba a hawa ko kuɗi ya kai

Ba a hawa washegarin babban ci. Mai jarin dala 1,500 da ya ci 8,000 a dare ɗaya, aljihunsa ne ya girma, iyawarsa tana nan inda take jiya. Ya cire wani kaso ya kai gida, ya hau mataki ɗaya kawai. Ba a kuma hawa don ramuwa. Wanda ya faɗi 600 a mako ya ce bari ya shiga ta dala 215 ya fanshe gaba ɗaya, ya bar lissafi ya koma roƙon sa'a. Akwai kuma gwajin zuciya mai sauƙi: in kuɗin shigar ya sa hannunka na rawa, ka ajiye katunan da ka san a ƙaramar gasa da gudu za ka bi, to kuɗin ya fi ƙarfinka ko da littafi ya ce ya isa.

Gwaninta ma ba ta ceton wanda ba ya riƙe jari. Stu Ungar ya ci babbar gasar duniya sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, kuma da yawa suna ganin ba a yi mai kaifin kati kamarsa ba. A ta 1997 sai da wani ɗan wasan foka, Billy Baxter, ya biya masa kuɗin shiga, suka raba kyautar dala miliyan 1. Caca a kan wasanni da ƙwaya suka cinye rabonsa, a 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Begas, yana da shekara 45, ba shi da wani abin kirki.

Akwai inda tambayar ke tashi daga "in hau ko in sauka" ta koma "in bari". In ka fara ɓoye wa matarka abin da ka kashe, ko ka ci bashi, ko ka sayar da waya ko babur don ka biya kuɗin shiga, ko wasa ya hana ka barci da salla da zuwa aiki, ko ka ga ƙaramar gasa ta daina yi maka daɗi sai babba, ɗan'uwa, wannan ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, kuma ana maganinsa. Faɗa wa mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, yaya ko malami ko aboki na gaskiya, ka miƙa masa katin bankinka na wani lokaci. Shafuka masu lasisi suna da wurin ƙayyade abin da za ka iya zubawa a rana ko a wata, da wurin rufe asusu na watanni ko har abada. A Birtaniya rage iyakar yana aiki nan take, ƙara ta kuwa sai an jira awa 24, kuma rajista ɗaya a GamStop tana toshe maka duk shafukan caca masu lasisin ƙasar a lokaci guda.